Kwanakin da Babu Labari: Tsokaci Kan Zaman Jirgin Ruwa a Littafin The Innocents Abroad na Mark Twain

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta labaran tafiye-tafiye ya san akwai wani wuri da marubuta suke tsallakewa. Za ka ga marubuci ya cika shafi uku da labarin sallama da iyali, ya cika goma da siffanta birnin da ya sauka, amma hanyar da ta haɗa wuraren biyu sai ya dunƙule ta a jimla ɗaya, ya ce bayan kwana kaza muka isa lafiya. Kwanakin nan da ake haɗiyewa su muke son dubawa a wannan fitowa, domin a ganinmu a nan ake gane marubuci. Siffanta babban birni ba wuya, birnin ne yake yi wa mutum rabin aikin. Amma a ajiye mutum kwana goma a tsakiyar teku, babu gari, babu kasuwa, babu baƙo, fuskokin da ya gani jiya su zai gani yau, sannan a ce ya fito da abin karantawa, to wannan ita ce jarrabawa.

Littafin da za mu auna da wannan ma'auni shi ne The Innocents Abroad na marubucin Amurka Mark Twain, wanda aka buga a 1869. Ma'anar sunan a Hausance ita ce gidadawa a ƙasar waje. Littafin babba ne, babi 61 da kammalawa, kuma mafi yawansa labarin Faransa ne da Italiya da Turkiyya da Falasɗinu da Masar. Mu ba can muka nufa ba. Za mu tsaya ga 'yan babobin farko da na ƙarshe, inda jirgi yake ƙetare Tekun Atlantika, tafiya da dawowa. Abin da muke son nunawa shi ne, Twain ya ci jarrabawar kwanakin da babu labari, ya kuma ci da kyau, sai dai rabin jirgin kawai ya gani.

Marubucin da Tafiyar

Sunan marubucin na yanka Samuel Clemens. An haife shi a 1835, ya rasu a 1910. Ba baƙon ruwa ba ne, domin kafin ya kama alƙalami ya yi tuƙin jirgi a Kogin Misisifi, har ma laƙabin da ya yi suna da shi kira ne na masu auna zurfin ruwa. A 1867 yana ɗan shekara 31, ɗan jarida ne da aka fara saninsa da barkwanci, amma bai yi babban littafi ba tukuna.

A shekarar ce aka tallata wata tafiya da ba a saba gani ba a Amurka, wato a hau jirgi ba don fatauci ko ƙaura ba, sai don yawon buɗe ido da ziyarar wuraren tarihi na Falasɗinu, a kuma dawo a jirgin da aka tafi. Sunan jirgin Quaker City, mai tafiya da tururi, kuma ya taɓa yin aikin sojan ruwa a yaƙin basasar Amurka wanda ya ƙare a 1865. Kyaftin Charles Duncan ne ya shirya tafiyar, kuɗin kujera kuwa dalar Amurka 1,250. An yi ta yayata cewa mashahurin mai wa'azin nan Henry Ward Beecher da Janar Sherman suna cikin matafiya, amma dukkansu suka janye. Jaridar Alta California ce ta biya wa Twain kuɗin kujera, bisa sharaɗin ya riƙa aiko mata da wasiƙu. Wasiƙun nan ne aka gyara suka zama littafi, wanda aka sayar da kimanin kwafi 70,000 a shekarar farko, kuma a tsawon rayuwar marubucin babu littafinsa da ya kai shi kasuwa.

Jirgin ya bar Niyok ranar 8 ga Yuni, 1867, ya dawo ranar 19 ga Nuwamba. Fasinjojin ba su kai 100 ba, mafi yawansu kuma dattawa ne masu hali da riƙo da addini. Shi kuwa Twain saurayi ne mai son taba da karta da tsokana. Wannan rashin dacewa shi ne jarin littafin.

Jigo

Babban jigon babobin teku shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya saya da abin da aka miƙa masa. Tun a babin farko marubucin ya zayyana mana mafarkinsa: yini ana raha a saman jirgi, dare ana rawa da waƙa da hira a farin wata. Abin da ya tarar kuwa, ranar tashi ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, jirgin bai ko fita bakin teku ba ya tsaya saboda hadari, aka kwana biyu ana kallon gaɓar gida. Daren farko na tafiyar nishaɗi da taron addu'a aka buɗe shi. Da aka dawo, a wasiƙar da ya buga a jaridar New York Herald, wadda ya sake sakawa a ƙarshen littafin, ya kwatanta tafiyar gaba ɗaya da rakiyar jana'iza. Tsakanin wancan mafarki da wannan hukunci jigon yake kwance.

Akwai ƙaramin jigo da muke ganin ya fi babban ɗin nauyi, shi ne abin da zaman banza yake yi wa mutum. A tudu, ana sanin mutum da sana'arsa da gidansa da maƙwabtansa. Da ya taka jirgi duk ya baro su a baya. An ɗauke masa neman abinci, an ɗauke masa zuwa aiki, ba shi da inda zai je, ba shi da wanda zai guje wa. Abin da ya rage masa biyu ne, halinsa da lokacinsa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, to ina ga mutanen da ba su zaɓi juna ba, aka kulle su wata biyar a gida ɗaya mai yawo? Twain ya nuna yadda ladabin makon farko yake sirancewa, jama'a ta rabu gida biyu, masu ibada da waɗanda ake ganin gafalallu ne, tsegumi ya zama abincin dare na biyu. Bai yi wa'azi a kan wannan ba. Ya jera abubuwan da ake yi kullum ne kawai, ya saka gulma a cikin jerin, kusa da cin abinci da wasan domino da addu'a, kamar ita ma tana da lokacinta a jadawali.

Zubi da Tsari

Babobin teku ba su da ƙulli irin na ƙagaggen labari. Babu wanda ake nema, babu asirin da za a tona. To da me marubucin ya riƙe mai karatu? Da agogo. A babi na 4 ya ɗauki yini ɗaya ya shimfiɗa shi daga safe zuwa dare. A jirgin ruwa ana buga ƙararrawa kowane rabin awa, daga bugu ɗaya zuwa takwas, sannan a koma farko, kuma ba a jima ba fasinjoji suka daina faɗin ƙarfe kaza, suka koma ƙirga bugu kamar tsofaffin ma'aikata. Da safe a karya kumallo, ga wanda cikinsa ya yarda. Daga nan a yi ta kai da kawowa a saman jirgi, wasu su yi karatu, wasu ɗinki, wasu su ɗauki tabarau mai hangen nesa suna neman abin kallo. A ɗakin shan taba ana karta da domino. A fili kuma akwai wani wasa da ake zana gidaje da alli a daɓen jirgi, kamar na 'yar gala-gala, kowane gida da lambarsa, a riƙa tura faifan katako da sanda, kuma gwani shi ne wanda ya iya lissafin tangaɗin jirgi kafin ya tura. Bayan abincin dare a sake zagayawa na awa guda, sai a buga ƙarfe a taru a babban zaure don waƙoƙin ibada biyu da gajeriyar addu'a. Da an shafa, zauren ya koma kamar ajin rubutu: mutum 20 zuwa 30 a ƙarƙashin fitilu masu lilo, kowa ya duƙufa yana cika dayarinsa.

Hikimar wannan tsari ita ce, da zarar mai karatu ya haddace yinin, duk ɗan abin da ya saɓa masa sai ya zama labari. Hango wani jirgi can nesa ya isa ya tashi kowa daga kujera. Daren da aka nuna majigi, an yi alkawarin hotunan ƙasashen da za a ziyarta, sai hoton farko da ya haska a kan ƙyalle ya zama na wata maƙabarta ta Niyok. Daren da aka gwada rawa, jirgi ya karkata dama, 'yan rawa duka suka kwasa suka yi dama, ya karkata hagu suka dawo tare. An kafa kotun wasa aka gurfanar da ma'ajin jirgi bisa zargin satar kwat, shaidu suka yi ta saɓa wa juna, lauyoyi suka yi ta zagin juna. An gwada kafa ƙungiyar muhawara ta mutu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai kai labari a tudu, amma a teku kowanne biki ne. Marubucin ya fara gina shiru ne, sannan ya jefa tsakuwa a ciki.

Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne bambancin tafiya da dawowa. A tafiya, kwana 10 da mil 2,400 daga Niyok zuwa tsibiran Azores sun ci babobi, domin komai sabo ne. A hanyar komawa gida kuwa, bayan an gaji da kallo an kuma gaji da juna, sai marubucin ya daina siffantawa, ya kwafo mana 'yan layuka daga littafin aljihunsa, kowace rana layi ɗaya ko biyu, kalmar domino tana ta dawowa. Ya kuma tuna dayarin da ya taɓa farawa yana yaro, wanda kowace rana abubuwa uku ɗin nan dai su ne a ciki, har ya gaji ya bari. Ga darasi a nan: ba a nuna gundura da doguwar magana. Da ya tsawaita, mai karatu ne zai gundura. Da ya gajarta, sai muka ga gundurar ba tare da ta kama mu ba.

Taurari

Taurarin babobin teku ba cikakkun mutane ba ne, kowannensu hali ɗaya ne aka sa masa riga. Akwai dattijon da ake yi wa laƙabi da masani, mai son manyan kalmomin da bai san ma'anarsu ba, yana kafa hujja da malaman da ba a taɓa haifa ba. Akwai sha'irin da ba abin da zai wuce bai yi masa baiti ba, yana kuma raba wa duk wanda ya tsaya. Akwai saurayin da aka laƙaba wa Alamar Tambaya. Wani zai ce wannan rauni ne, kuma a ƙagaggen labari lallai rauni ne. Amma a nan muna ganin ya dace, domin haka zaman jirgi yake mayar da mutane. Wanda kake gani sau ashirin a yini ba ka saninsa da tarihinsa, da tarinsa kake saninsa, ko da labarin nan guda da yake maimaitawa.

Biyu daga cikinsu sun fi sauran. Na farko shi ne Jack, yaron da ya fara dayari da zafi, yana zuwa kowace safiya yana alfahari da yawan shafukan da ya rubuta, yana lissafa abin da ya saka: mil nawa aka ci, kifi nawa aka gani, wa ya ci wasa. Kafin a bar Faris ya riga ya sare, dayarin ya zama bashi a wuyansa. Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai aikin rubuta abin da ya faru kullum ya san Jack, kuma duk marubucin da yake da littafi rabi a ƙarƙashin katifa ya san shi.

Na biyu shi ne Blucher, mutumin yammacin Amurka, wanda ya sayi agogo na dala 150 yana ji da shi, sai ga shi kullum agogon yana baya da lokacin jirgi. Ya murɗa abin saiti har ƙarshe, bai haifar da komai ba. Abin da bai sani ba shi ne, mai tafiya gabas tarar rana yake yi, kowace digiri 15 da ya ci ta ƙara masa awa guda, kuma jirginsu yana cin kimanin minti 20 kowace rana. Agogon lafiyarsa ƙalau, duniyar ce ta gusa. A ganinmu wannan ɗan labari shi ne zuciyar littafin duka, domin Blucher shi ne kowane matafiyi da ya ɗauko lokacin garinsu a aljihu, ya tarar duniya ba da shi take aiki ba, ya rasa wa zai zarga. Gidadancin da sunan littafin yake nufi ke nan, kuma an nuna shi tun kafin a taka ƙasar kowa.

Salo da Sarrafa Harshe

Makamin Twain na farko shi ne kambamawa da fuska a murtuke, wato ya faɗi abin dariya kamar yana karanta rahoto. Na biyu maimaitawa. A ranar farko a teku ya tsaya a bakin ƙofa yana gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya dafe ciki ya yi nishi iri ɗaya ya wuce da tangaɗi, saboda jiri da tashin zuciyar da teku take sa wa baƙonta. Shi da abin bai kama shi ba ya fito fili ya ce daɗi ya ji, ya kuma ce haka kowa yake idan ya tsira wasu suka kamu. Wannan shi ne makami na uku, kuma shi ya hana barkwancin zama zalunci: ba ya cire kansa. A ranar nan mutum huɗu daban-daban suka tsawata masa, kowanne aka ce masa kyaftin ne. A hanyar dawowa ya ba da labarin wani fasinja da ya kai wa kyaftin ƙarar cewa kofi ya zama ruwa, kyaftin ya kurɓa ya shaida masa shayi ne ya ɗauko, sannan marubucin ya bayyana cewa shi ne fasinjan.

Magana mafi kaifi a babobin kuwa a bakin wani jami'in jirgi aka sa ta. Ya yi ƙorafin cewa fasinjoji kullum suna roƙon iska mai turo su gaba, alhali a wannan lokaci na shekara su kaɗai suka nufi gabas, jirage masu ɗimbin yawa yamma suka nufa, iskar da za ta taimake su ita za ta tare wa sauran hanya. A cikin raha an faɗi babbar magana kan son kai, kuma ba a ƙara mata sharhi ba.

Salon yana da nasa rauni. Idan Twain ya ajiye dariya ya ce zai nuna girman teku, kamar a siffanta hadarin da ya same su kafin Jibralta, sai ya koma jibga siffofi da manyan kalmomi irin na marubutan zamaninsa, murya ta zama ta aro. Haka kuma wasu barkwancin an ja su sun wuce inda ya kamata su tsaya, alamar asalinsu wasiƙun jarida ne da ake bukatar su cika shafi.

Inda Littafin Ya Gaza

Yanzu mun zo ga abin da ya fi damun mu. Jirgin tururi ba ya tafiya da kansa. Yayin da ake wasan faifai a sama, akwai mutane a ƙasa cikin zafi suna zuba kwal a wuta dare da rana. Akwai masu dafa abincin nan da ake kushewa, da masu wanke kwanuka, da masu share aman dattawan da muka yi wa dariya. Zaman banzan da littafin ya ƙware wajen nunawa, gumin wasu ne ya saye shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma a babobin ƙetare teku mutanen nan kusan ba su da fuska, ba su da suna, ba mu san yadda yininsu yake ba.

Sau ɗaya aka buɗe mana ƙofarsu sosai, shi ma ba a Atlantika ba. Bayan fasinjoji sun kai gaisuwa ga Sarkin Rasha Alexander na Biyu a Yalta, suka karanta masa takardar ban girma, sai ma'aikata suka mayar da abin wasan kwaikwayo. Wani ƙaramin kuku ya kifa kwano a ka a matsayin kambi, ya yafa ƙyallen tebur, sauran suka riƙa zuwa suna maimaita jawabin cikin shaƙiyanci. Twain, wanda da hannunsa a rubuta takardar, ya ce abin ya ishe shi. Wannan shafi ya tona cewa a ƙasan jirgi akwai idanu masu kaifi kamar nasa, suna kallon masu kallo. Marubucin ya ga haka, ya yi dariya, ya rufe ƙofar.

Kada a ce muna neman abin da zamanin bai iya bayarwa ba. Shekara 12 kacal bayan haka, a 1879, Robert Louis Stevenson ya ƙetare tekun nan daga Sikotilan zuwa Niyok a jirgin Devonia, a ɗaki mai daraja ta biyu da ke manne da na talakawa masu ƙaura. A littafinsa The Amateur Emigrant ya zauna da su, ya ji kiɗansu da gardamarsu, ya ba da labarin mara lafiyar da aka yi sakaci da shi da waɗanda suka shiga jirgi a ɓoye, ya kuma nuna yadda 'yan ɗakin sama suke saukowa kallonsu kamar an zo gidan namun daji. Abin ya yi wa mahaifinsa da abokansa ɗaci har aka janye littafin, bai fito ba sai 1895, bayan rasuwarsa. Haka kuma Katherine Anne Porter, a ƙagaggen labarinta Ship of Fools na 1962, ta ɗauki jirgi daga Meziko zuwa Jamus a 1931, kwana 27, ta cusa leburorin rake 'yan Sifen 876 da aka koro daga Kuba a ƙasan jirgin, manya suna leƙensu daga sama. A nan ne wani talaka mai sassaƙa ya faɗa teku ya ceci karen wasu masu hali, ya rasa ransa, masu karen kuma hankalinsu yana kan karen. A nan ne kuma aka tashi wani Bajamushe daga teburin kyaftin don an gano matarsa Bayahudiya ce. Littafin Porter yana da nauyi, ba shi da sakin fuskar Twain, taurarinsa kuma yadda suka hau haka suka sauka, amma ta ƙirga benayen jirgin duka.

Akwai kuma wani shiru da mai karatu ɗan Afirka ba zai kasa ji ba. Tekun da gidadawan nan suke ƙetarewa suna hamma, ita ce aka ɗora wa 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi a jiragen bayi, kusan miliyan 2 ba su kai gaɓa ba. Shekara biyu kacal ke nan da haramta bauta a Amurka, kuma har cikin shekarun 1860 ana satar hanya ana kai bayi Kuba. Su ma sun yi kwanakin teku, a kwance, a ɗaure. Babu inuwar wannan a babobin. Ba mu ce dole littafin raha ya zama littafin makoki ba, kuma adalci ne a faɗa cewa Twain ya buɗe ido daga baya, kamar yadda Huckleberry Finn da rubutunsa na 1905 kan ta'asar Sarki Leopold a Kwango suka shaida. Amma a 1869 idonsa bai kai can ba. Laifi tudu ne: ya hangi gidadancin abokan tafiyarsa, ya taka nasa. Wannan ido ɗin ne kuma, da aka sauka tudu, ya riƙa yi wa talakawan Azores da Larabawa da Turkawa kallon raini.

Jiya da Yau

Mai karatu zai iya tambaya ko wannan rayuwa tana nan. Tana nan. Tun ƙarshen shekarun 1950 jirgin sama ya ƙwace fasinjojin Atlantika, saboda haka wanda ya hau jirgin ruwa yau ba sauri yake yi ba, kwanakin da babu labari su ya biya kuɗi ya saya. Jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, yana ɗaukar dare 7 tsakanin Ingila da Niyok, da fasinjoji sama da 2,500 da ma'aikata sama da 1,200. Akwai laburare da laccoci da zauren rawa da shayin la'asar, har da ɗakin ajiye karnuka. Ana tura wa kowa jadawalin gobe ɗakinsa. Wasan faifan katako yana nan. Ana gyara agogo da awa guda sau 5 a kowace ƙetarawa, wato ciwon kan Blucher bai warke ba. Darajar ɗakin mutum ita take nuna zauren da zai ci abinci. A irin waɗannan jirage da yawa daga cikin masu hidima 'yan Filifin ne da Indiya da Indunusiya, suna yin watanni ba su ga iyalinsu ba. Kwal ya tafi, intanet ta zo, amma benen sama da na ƙasa suna nan inda Twain ya bar su. Shi ya sa babobin nan ba su tsufa ba, giɓinsu ma bai tsufa ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa Twain ya ɗauki kwanakin da wasu suke tsallakewa ya mayar da su mafi daɗin ɓangaren littafinsa, ta hanyar kafa jadawalin yini, da lura da ƙananan abubuwa, da gajartawa inda gundura ta yi yawa, da kuma sa kansa cikin waɗanda ake yi wa dariya. Mun kuma ga cewa ya tsaya a bene ɗaya, bai sauka ya ga waɗanda suke ɗauke da benen ba.

'Yan'uwa marubuta, labarin tafiya ba baƙo ba ne a adabinmu, tun daga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Aminu Kano. Wanda duk zai ƙara nasa a kan waɗannan, muna ba shi shawara ya karanta babobin nan sau biyu. Karatun farko don ya koyi yadda ake fitar da labari daga yinin da ba abin da ya faru. Karatu na biyu kuwa ya yi shi da tambaya ɗaya a ransa: a lokacin da marubuci yake zaune yana kallon ruwa, wa yake tsaye yana hura wuta?